Yatsu Uku da Suruki a Zaure

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya saukar da cuta, Shi ya san inda ya ajiye maganinta.

Sunana Azumi, shekara ashirin da shida ina aure a Azare. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya na koyi riƙe biro, to yau ga ranarsa. Abin da ya zaunar da ni shi ne, na san akwai matan da mazajensu ke kwance a asibiti yanzu saboda taba sigari, suna ƙirga kwanakin sallama kamar ranar ce ƙarshen wahala. Ba ita ba ce. Ni haka na ɗauka, kuma yatsa guda ya tafi a kan kuskuren nan.

Maigidana direban a-kori-kura ne. A tasha Ɗan Gadau suke ce masa, ni Malam nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Hatsi da wake yake kwasowa daga kasuwannin Yana da Gadau da Dambam ya kawo Azare. Tun yana yaron mota yake shan taba. Amma yana da kunya, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai taɓa kunnawa a tsakar gida ba. Har mahaifiyarsa ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin kara a bakinsa ba, ko da yake ita ke ɗinke masa aljihun da wuta ta huda. A gaban babba kuwa, gara ya haɗiye hayaƙin ya shaƙe da a gan shi.

Ciwon ya daɗe yana sallama ba mu amsa ba. Wajen shekara biyu, in zai je masallacin unguwa sai ya tsaya a hanya kamar mai gyara takalmi. Sharaɓarsa ce ke ɗaurewa, sai ya huta ta sake shi. Ƙafar dama kuma kullum sanyi ƙalau. A tsakiyar bazarar Azare, mutane na neman inda za su tuɓe, shi yana neman safa. Muka ce sanyi ne ya shige shi, muka ce zaman mota ne.

Sai wata ranar kasuwa a Dambam ya miƙa ƙafa ga mai yankan farce, aka zarce aka ɗan taɓa naman ƙaramin yatsa. Abin da ko jini bai cika cokali ba.

Sati na farko wurin bai rufe ba. Na wanke da ruwan gishiri, na shafa man kaɗanya. Sati na biyu ya yi shuɗi-shuɗi, yana masa zugi har ba ya iya miƙe ƙafar a shimfiɗa, sai ya sauke ta ƙasa tana reto. Nan yayarsa, Yaya Hanne, ta iso daga Gadau da ƙullin gari a bakin zane. Ta duba ƙafar ta girgiza kai.

"Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, Azumi. Taka abu ya yi. A tashar nan wa ke son ganin motar wani na fita kullum?"

"Yaya, mai yankan farce ne ya yanke shi. Yana kallo."

"To wa ya aiko mai yankan farcen?"

Aka barbaɗa garin, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Mai kemis na bakin titi ya yi masa allura kwana biyar. Sati na uku yatsan ya koma baƙi kamar an gasa, na kusa da shi ya fara bin sawu, ɗakin ya ɗauki wari. Ranar da na ga ƙuda na bin bandejin na ce asibiti za mu, wanda zai yi fushi ya yi.

Tun bayan asuba muka kama layin kati, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Aka fara auna sukari, don kowa ya ga ƙafar sukari yake cewa. Babu. Likitan saurayi ne siriri, bai kai ɗana na biyu jiki ba. Ya tsuguna ya ɗora yatsunsa a bayan ƙafar Malam, ya koma idon sawu, ya koma bayan gwiwa, yana neman bugun jini. Ya daɗe yana nema. Sannan ya kama hannun Malam ya juya, ya kalli tsakanin yatsu biyun nan da suka yi ruwan goro.

"Baba, kara nawa a rana?"

"Jefi-jefi dai, likita. In an gaji."

"Kwali guda da rabi," na ce. "Ranar kasuwa biyu."

Malam ya kalle ni irin kallon da ya saba. Na kalli likita.

Abin da likitan ya faɗa na riƙe shi yadda ya fito. Ya ce hanyoyin jinin ƙafar sun tsuke, taba ce ta tsuke su, jini ba ya isa yatsu, abin da jini bai isa ba kuwa mutuwa yake. Ya ce yatsu biyun sun riga sun tafi, cirewa za a yi. Ya zaro biro daga aljihu ya ja layi a ƙwaurin Malam, kamar taƙi ɗaya ƙasa da gwiwa.

"In ka bari gaba ɗaya, ina sa ran mu tsaya a yatsu. In ka koma, ko kara ɗaya a rana, nan za mu haɗu."

Ƙafar dama ce. Ita ke taka totur, ita ke taka birki. Ba sai an yi wa direba bayani ba.

Kwana goma sha tara muka yi a ɗakin maza. Aka yi tiyata aka cire biyun. Ban da abin cewa game da aikin, sun yi shi da kyau, ko da yake kowace takardar magani waje ake tura ka, har awakina biyu suka bi ta nan, motar kuma aka ba wani yana ja. A kwana biyar na farko Malam ya zagi kowa ban da likita. Ya ce kunun ba gishiri, na ce kunu ne. Daga nan ya lafa. A ɗakin ba wurin kunnawa, ba ƙafar fita. Na zauna ina lissafi a raina: mutumin da ya yi kwana goma sha tara bai sha ba, ai ya bari.

Ranar sallama aka ba mu magunguna da takarda, aka ce mu riƙa zuwa wankin ciwo duk bayan kwana uku. Na karanta takardar da kaina, layi-layi. Maganar taba kalma biyu ce a ƙasa: ya daina. Yadda zai daina, ba wanda ya rubuta.

Wata nas ce, babbar mace mai tabarau da kowa ke ce wa Sista, ta biyo ni har baranda.

"Hajiya, kar ki yi murna tukuna. A nan bango ne ya hana shi, ba zuciyarsa ba. Wa zai zauna da shi a gida?"

"Ni mana."

"To ki san lokutansa. Bayan abinci, bayan shayi, in ya ga abokai, in ransa ya ɓaci. In abin ya taso masa ba ya daɗewa, bai fi tsawon alwala da raka'a biyu ba, sai ya kwanta, anjima ya sake tasowa. Ki ba bakinsa aiki, ki ba hannunsa aiki. Asuwaki, aya, gyaɗa. Kuma kar wani ya ce a canza masa da tabar shaƙa ko ta baki. Ga irin ciwonsa duk ɗaya ne."

Na gode mata. Na riƙe komai, ban da tambayarta ta farko, wadda na amsa ba tare da na yi tunani ba.

Ga kuskuren. Da muka dawo gida, 'yan dubiya suka fara zuwa, kuma yawancinsu maza ne: direbobi, 'yan kamasho, masu lodi, 'yan kasuwar hatsi. Ba za a yi ta shigo mini da ƙarti tsakar gida ba. Saboda haka da hannuna na share zaure, na shimfiɗa katifa, na kai masa filo da buta da rediyo. Kowa ya ce na kyauta, ga iska, ga jama'a. Da safe ya dogara sanda ya fita, sai bayan isha ya shigo. Ni kuwa iyakata asabarin ƙofar ciki. In miƙa kwano ta gefe, a karɓa, in koma. Matar aure ba ta zama cikin maza a zaure, wannan ko mahaukaciya ta sani. Wato na ɗauki mutumin da aka ce in tsare, na kai shi wuri ɗaya tak a gidan da ba ni da ikon shiga.

Satin farko yana nan da halinsa na asibiti, faɗa a kan komai. Na cika masa kwano da aya, ya ce shi ba ɓera ba ne. Yaya Hanne ta aiko da saƙo a samo masa tabar shaƙa, wai ita ba ta da hayaƙi. Na mayar da ɗan saƙon da gaisuwa.

A sati na biyu sai Malam ya gyaru. Ya shigo yana fara'a. Ya yaba miyar kuka, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni. Yana barci lafiya. Na ce alhamdu lillahi, wuyar ta wuce. Na lura yana yawan tauna kanumfari, na ce ai Sista ta ce a ba baki aiki.

Ku da za ku yi jinya bayana, ku riƙe wannan: in mai barin taba ya yi daɗin hali farat ɗaya a sati na biyu, ku binciki aljihunsa.

Zuwanmu wankin ciwo na biyar, Sista ta kwance bandeji ta tsaya. Gefen ciwon da ya fara ja ya koma toka-toka. Ta taɓa yatsa na uku, ta sake taɓawa. Ta kama hannunsa na dama ta kai hancinta, ta ajiye masa a cinya.

"Kanumfari ba ya wanke yatsu, Malam."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ja biyu ne kawai, ba ma kara guda ba. Ya ce ba shi ya saya ba.

Na san wanda ya saya. Akwai amininsa, Dogo, direba ne shi ma, tare suka yi yaran mota. Kullum bayan la'asar yana zaure. Ranar na jira har na ji muryarsa, na yafa mayafi, na ɗaga asabari na shiga. Mutum biyar ne a zaune. Hirar ta mutu.

"A'a, matarmu, yau a zaure?" in ji Dogo. "Ko tuwon ne ya ƙone?"

"Dogo, lambar takalminka nawa?"

"Arba'in da huɗu. Sayo mini za ki yi?"

"Tasa arba'in da biyu ce. Ina duba ko ƙafarka za ta yi masa in an yanke tasa, tunda kai ka ɗauki nauyin abin."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Hajiya. Tausayi ne fa. Mutum na zaune yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, yana kallona, shekara talatin muna raba kara ɗaya. In hana shi ja biyu? Ai sai Allah ya tambaye ni."

Na yarda tausayin ne, har yau ban ce mugunta ba ce. Na durƙusa gaban Malam, na ɗage ƙafar wandonsa. Layin likita ya daɗe da gogewa. Na ciro birona na makaranta na sake ja masa a inda yake, a gabansu duka, na tashi na koma ciki.

Da ya shigo bai ci abinci ba. Ya ce na tozarta shi a gaban mutane. Ya ce zaure nasa ne, tun kafin a kawo ni yake nasa, kuma ba macen da za ta hana a zo duba shi. Ya ce in na sake ɗaga asabarin nan in wuce gidan ubana a Yana kai tsaye. A maganar zaure yana da gaskiya. Ba zan kori 'yan dubiya ba, ba zan zauna a cikinsu ba, ba kuma zan ɗaure shi a ɗaki ba. Amma da ya ambaci Yana sai ya ba ni shawara bai sani ba.

Washegari na ce za ni gaida Baba, na hau mota.

Mahaifina manomi ne, ya haura saba'in da biyar, an gama girbi ba abin da yake sai tufkar igiya a gindin bishiyar bedi. Idonsa na hagu ya yi yana, na dama ya fara, shekara biyu muna fama ya zo a duba yana cewa sai an kwana biyu. Na zauna na faɗa masa komai, ban sakaya ba. Shi ne karo na farko da na ambaci tabar mijina a gaban ubana.

Ya yi ta murza rama a cinyarsa. Can ya ce, "To me kike so?"

"Ka zo ka zauna a zaure."

"Uba ba ya tarewa gidan 'yarsa, Azumi. Me mutanen Gadau za su ce?"

"Ba tarewa za ka yi ba. Layin asibitin ido za ka bi."

"Layin na kwana nawa ne?"

"Ni zan riƙe katin."

Ya ce a ɗaure masa ramarsa, dami biyu.

Malam ya ga na sauko daga Keke da surukinsa da damin rama, ya yunƙura zai durƙusa da ƙafa ɗaya, Baba ya ce ya zauna. Wa zai ce wa suruki ya koma? Aka gyara wa Baba ɗan ɗakin da ke jikin zaure. Na kai shi asibitin ido, suka duba, suka ba mu ranar aiki sati shida gaba. A rayuwata ban taɓa gode wa dogon layi ba sai ranar.

Kicin ɗina bango ɗaya ne da zaure, ina jin komai. Bayan la'asar Dogo ya rangaɗa sallama ya faɗo, sai na ji muryarsa ta ragu rabi, na ji ƙarar cire takalmi.

"Wane ne wannan mai tare haske?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba. Dogo. Abokin Ɗan Gadau."

"Madalla. Matso in ji ka, idon ba ya aiki. Kai kuwa ina jin ƙauri a jikinka. Motarka lafiya take? Ka sa a duba wayoyin, kar ta kama da wuta da mutane a ciki."

"Za a duba, Baba."

"A duba. Riƙe mini bakin igiyar nan."

Dogo ya riƙe bakin igiya har magariba. Kashegari minti goma ya yi. 'Yan dubiya ba su daina zuwa ba, amma yanzu dubiya suke yi: a gaisa, a yi addu'a, a tashi.

Malam ya shiga tsakani. A waje suruki, a ciki ni, ƙafa ba ta kai shi bakin titi. Halin asibiti ya dawo ninki biyu, sai dai yanzu ba damar ɗaga murya. Da raɗa yake mini faɗa.

"Ke kika shirya wannan."

"Ni ce."

"Ko musu ba za ki yi ba?"

"In yi don me?"

"Sai yaushe zai tafi?"

"Yana zaure, je ka tambaye shi."

Yatsa na uku bai dawo ba. Kwana goma da zuwan Baba aka cire shi, muka kwana uku a asibiti. Likita bai yi faɗa ba. Ya kalli layin biron da ban bari ya goge ba, ya tambayi wa ya ja, Malam ya nuna ni da haɓa. Likita ya ce na ɗan sauko da shi ƙasa, kamar faɗin yatsa biyu. Ban sani ba ko wasa yake.

Da muka dawo abin ya fi tsanani. Ciki ya ɗaure masa. Tari ya taso, yana fitar da kaki baƙi-baƙi, Sista ta ce ƙirji ne ke shara, a bar shi. Barci ya ƙaurace masa, da rana sai ya yi ta hamma yana gumi. Bayan cin abinci ne mafi muni. Ina leƙe ta tsakanin karan asabari, sai in ga yatsunsa biyu suna neman juna a kan gwiwa. A daidai lokacin Baba zai turo masa rama da ƙafa.

"Malam, taya ni. Hannuna ya gaji."

Direba bai iya tufka ba. Ta farko da ya yi, Baba ya shafa ya ce ko kaza ba za ta ɗauru da ita ba, ya warware. Ya sake, aka sake warwarewa. Haushin igiya ya maye haushin ɗayan abin, kafin ya ankara an kira la'asar. Haka suka yi ta yi. Yini guda maganarsu ba ta wuce ta damina da ciwon baya da lalacewar hanyar Gadau ba. Kalmar taba ba ta taɓa fita daga bakin ɗayansu ba.

Shi ma Baban bai ji daɗin zaman ba. Satinsa na farko ya yi ta ciwon kai, ya ƙi fura, ya yi mini tsawa a kan ruwan alwala ya yi zafi, shi da ban san shi da tsawa ba. Na ce baƙunta ce da zaman birni. Na ba shi maganin ciwon kai na wuce.

Sati na huɗu Malam ya cinye kwanon aya ya nemi ƙari. Ya ce miyar ta yi yaji. Yajin da nake sawa shekara ashirin da shida ne, harshensa ne ya farka. Sati na biyar Sista ta kwance bandeji ta kira ni in gani: nama ja, ɗanye, yana haɗowa daga gefe. Ta ɗora bayan hannunta a kan ƙafar ta ce, "Akwai ɗumi." Ta kama hannunsa ta shinshina, ta ce warin rama take ji.

Aka yi wa Baba aikin ido a kan ranarsa. Da aka cire auduga ya kalle ni ya ce ashe na tsufa. Ya ƙara sati, ya ce gero na jiransa a rumbu, zai tafi.

Ranar tafiyar na fito da kayansa zaure, don ba baƙo. Igiya ce tsibi a kusurwa, wadda za ta ɗaure lodin mota uku. Baba ya ce ta Malam ce. Sannan ya sa hannu a aljihun ciki ya ciro wata 'yar batta ta fata, baƙa wuluk don tsufa. Tun ina yarinya na san battar nan. Tabar shaƙarsa ce, a gona, a gindin bedi, bayan kowane abinci. Na saba ganinta har na daina ganinta. Da na je ɗauko shi ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Sai a lokacin na gane ciwon kan nan da tsawar ruwan alwala.

Ya miƙa wa Malam. Malam ya karɓa da hannu biyu.

"Tun ranar da na sauka gidan nan ban buɗe ta ba," in ji Baba. "Ba a gadin mutum da abin a hanci. Ajiya na ba ka. Ranar da ka kunna taka, ka kawo mini tawa Yana, da hannunka, kar ka aiko. Sai mu sha tare."

Malam bai ɗago ba. Ya ce, "To, Baba."

Bayan motar ta tashi na ce masa ko ya san Baba na fama. Ya ce tun kwana na biyu. Ya ce bayan kowane abinci yana ganin hannun tsohon ya tafi aljihu, ya tsaya, ya dawo wayam ya ɗauki rama. Ya ce ba idon Baba ya ji kunya ba, don ya san ba ya gani. Hannun nan ne.

Wata takwas ke nan. Ciwon ya rufe. Ya koma mota da takalmi mai laushi da na cusa wa auduga a gefe, kusa-kusa yake zuwa, ba ya doguwar hanya. In sanyi ya shigo ƙafar na damunsa, kuma har yanzu yana tsayawa sau ɗaya kafin masallaci. Likita ya ce abin da ya tsuke ba duka zai buɗe ba. Dogo na nan da tabarsa, amma in zai kunna yana tsallaka titi. Yaya Hanne ta ce garinta ne ya yi aiki a hankali.

Ina gode wa likitan da ya ja layi bai ɓoye mana ba, ina gode wa Sista da ta biyo ni baranda alhali ba a cikin aikinta yake ba. Ƙorafina shi ne abin da ta faɗa mini a tsaye, cikin minti biyar, shi ya kamata a zaunar da kowane mai jinya a faɗa masa kafin a ba shi takarda, a kuma riƙa tambayarsa duk zuwa. A tambaye shi ina majinyacin zai yini, da wa, wa yake jin kunya. Da an matsa mini a kan wannan, da yatsun Malam na dama uku ne yau, ba biyu ba. Rabin laifin nawa ne, ni na share zauren.

Ban ce ya rabu da ita har abada ba. Shekara talatin ba ta fita a wata takwas, shi da kansa ya ce in ya bi bayan mai sha a tasha har yau yawunsa na tsinkewa. Ina shinshina hularsa in zan wanke, ya sani, ya daina magana.

Battar tana cikin ɗan akwatin gaban mota, a naɗe cikin tsumma. Duk ranar kasuwar Yana yana biyawa ya gaida Baba, ya durƙusa, su yi maganar damina. Baba ba ya tambaya. Hannunsa kawai yake kallo, yanzu da idon ke gani. Malam ya tashi ya taka totur da ƙafarsa ya dawo gida.

Jiya da ya shiga wanka na ɗauki makulli na buɗe akwatin. Tana nan, a cike.